Gidan Einar Jónsson a Reykjavik: yarjejeniyar masassaƙi da ƙasarsa

A tsakiyar Reykjavik, babban birnin ƙasar Ayislan, akwai wani tudu da ake kira Skólavörðuholt. Da wuya baƙo ya shiga garin bai hau shi ba, domin a kansa cocin Hallgrímskirkja take, mai hasumiyar da ta haura mita 74, wadda ake hangowa daga kusan kowace unguwa. Mutane su zo, su ɗauki hoto, su hau hasumiya, su sauko, su kama gabansu. Ba kowa ke tsallaka titi zuwa wani gini mai launin toka da ke gefe ba, ginin kankare mai kauri wanda ya fi kama da ganuwa a kan gidan zama. Alhali ya girmi cocin nesa ba kusa ba. An buɗe shi a 1923, ita kuwa cocin sai a 1945 aka fara gininta, ba a kuma gama ba sai a 1986.

Wannan shi ne gidan adana ayyukan Einar Jónsson, mutumin da ake ɗauka a matsayin masassaƙin farko na ƙasar a wannan zamani. Wurin ƙarami ne, cikin awa guda an zagaye shi. Amma wanda ya shiga da ido buɗe zai fito da tambayoyi. Me ya sa kusan komai a ciki fari ne fat, ba na tagulla ko dutse ba? Me gado da kujerun zama suke yi a saman gidan tarihi? Kuma ya aka yi ƙasar da a lokacin ke fama da talauci ta gina wa mutum ɗaya gida irin wannan tun yana raye? Amsoshin duk suna komawa ga wata yarjejeniya da aka ƙulla tsakanin mutumin da ƙasarsa.

Tun da wuri ya kamata a raba gari da tsakuwa a kan kalma. A Hausa mukan kira duk wata siffa da aka sassaƙa gunki, kuma kalmar tana ɗauke da nauyin bauta. Abin da ke cikin wannan gida ba abin bauta ba ne, babu mai durƙusa masa. Mutum-mutumi ne, ko siffofi, waɗanda mai su ya yi don ya faɗi wata magana, kamar yadda wani zai faɗe ta da waƙa. Kowa da matsayarsa ta addini game da siffanta mai rai, ba kuma ita ce muhawarar nan ba. Abin da ke gabanmu shi ne fahimtar abin da mutanen can suka yi da dalilinsu na yin sa.

An haifi Einar a ranar 11 ga Mayu, 1874, a wata gona mai suna Galtafell a kudancin ƙasar. A shekarar ce Ayislan ta yi bikin cika shekara dubu da fara zaman mutane a tsibirin, a shekarar ce kuma sarkin Denmak, Christian na Tara, ya zo ya ba su tsarin mulki, domin ƙasar tana ƙarƙashin Denmak ne. Jama'ar ƙasar duka ba su kai dubu ɗari ba, yawancinsu makiyayan tumaki ne da masunta, suna zaune cikin gidajen da aka gina da dutse da ƙasa aka rufe da ciyawa. Suna da arzikin rubutu: labaran magabata da waƙoƙi da aka rubuta a kan fata tun ƙarni na 13, ana karanta su da daddare a ɗakin iyali. Abin da ba su da shi shi ne al'adar yin mutum-mutumi a fili. Na farko da aka kafa a Reykjavik kyauta ce daga Kopanhagen, babban birnin Denmak, an tsayar da shi a 1875, siffar Bertel Thorvaldsen ce, shahararren masassaƙin Denmak wanda mahaifinsa ɗan Ayislan ne. To, ɗan manomi ya tashi a irin wannan wuri ya ce shi sassaƙa zai koya, ai kamar ya ce zai yi sana'ar da babu kasuwarta ne.

Ya tafi Kopanhagen a 1893 yana ɗan shekara 19. Ya yi zama wurin masassaƙi Stephan Sinding, ɗan Norwe, sannan ya shiga makarantar fasaha ta masarautar Denmak daga 1896 zuwa 1899. A 1901 ya fito da aikin da ya sa aka san shi, Útlagar, wato Korarru.

Ya kamata a daɗe a gaban wannan aiki. Namiji ne yana tafiya, ya ɗan sunkuya saboda nauyi. A bayansa gawar matarsa ce. A hannu ɗaya yana rungume da ɗansa, yaron ya maƙale masa a wuya. A ɗaya hannun shebur ne, yana dogarawa kamar sanda. Kare yana biye da shi dab da ƙafa. Duk ɗan Ayislan da ya ga wannan ya san labarin ba sai an faɗa masa ba. A zamanin da, wanda shari'a ta kama da babban laifi, har satar tumaki, yakan gudu zuwa tsakiyar tsibirin, inda babu komai sai ƙanƙara da baƙin dutsen aman wuta, ya zauna can shekara da shekaru, ana farautarsa. Mafi shahara cikinsu, Fjalla-Eyvindur na ƙarni na 18, ɗan gundumar su Einar ne ma. Mutumin da ke cikin siffar ya sauko daga dutse ne don ya binne matarsa a maƙabartar coci, cikin mutanen da suka kore shi. Wanda ya taɓa ɗaukar makara zai gane wannan tafiyar. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sheburin: babu mai taya shi haƙa, don haka ya taho da kayan aikinsa.

Bayan wannan, majalisar dokokin ƙasar, Althingi, ta ba shi tallafi ya je birnin Rum a 1902. Ana sa ran ya dawo da sha'awar salon tsoffin Girkawa da Rumawa kamar kowa. Sai ya dawo da akasin haka. Ya riƙa cewa a fili kwaikwayon magabata yana kashe fasaha, kowane mai fasaha ya nemi hanyarsa. Wannan ra'ayi bai sa ya yi farin jini wurin masu sayen aiki ba, ya yi shekaru a Kopanhagen cikin rashi, ɗakin aikinsa na cika da siffofin da babu mai saye.

A nan ne batun farin launi ya shigo, domin sai an san yadda ake yin mutum-mutumin tagulla sannan a gane halin da ya shiga. Masassaƙi ba ya fara aiki da ƙarfe. Yana ɗaura ƙashin siffar da sanduna da waya, ya riƙa liƙa yumɓu yana murzawa da yatsa har ta fito. Amma yumɓu ba ya jimawa, in ya bushe sai ya tsattsage. Don haka sai a lulluɓe siffar da farar filasta, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, a bari ta daskare, a ɓalle ta gida-gida, a kwashe yumɓun. An sami mazubi ke nan. A cikinsa ake zuba sabuwar filasta, ta fito da siffar daidai wa daida, har sawun yatsa. Daga nan ne aikin kuɗi yake farawa: a kai wa masu zubi, su yi wani mazubin, su narka tagulla su zuba, su kankare, su goge. Wannan mataki na ƙarshe yana cin kuɗi mai yawa, kuma a zamanin Einar sai an tsallaka teku ake samun masu yin sa. Shi ya sa in ba gwamnati ko wata ƙungiya ce ta yi odar aiki ba, a filasta yake tsayawa. Filasta kuwa ba ta jure ruwa, ba ta jure girgiza. In aka bar ta a waje a ƙasa irin Ayislan, hunturu ɗaya ko biyu sun isa su lalata ta. Saboda haka wanda dukiyarsa duka filasta ce, babu abin da yake bukata kamar rufin ɗaki.

A 1909 Einar ya kawo tayi. Ya ce zai ba al'ummar Ayislan ayyukansa baki ɗaya kyauta, da sharaɗin a gina musu gida. Ba daga sama ya ɗauko dabarar ba. Ya zauna a Kopanhagen, ya san gidan Thorvaldsen da aka buɗe a 1848, inda shi ma masassaƙin ya ba birnin ayyukansa aka gina musu wuri. Bambancin shi ne Thorvaldsen ya yi haka ne bayan duk Turai ta san shi, Einar kuwa ɗan shekara 35 ne, kuma ƙasar da yake wa tayin ko jami'a ba ta da ita tukuna, sai a 1911 aka kafa.

Majalisa ba ta amsa nan take ba. Sai a 1914 ta karɓi kyautar, ta ware krona 10,000, wato kuɗin ƙasar. Jama'a suka yi karo-karo suka tara 20,000, ninki biyu na abin da hukuma ta bayar. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna inda zuciyar mutane take. Aka fara gini a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekarar 1918 ta zo wa ƙasar da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, dutsen Katla ya yi aman wuta a watan Oktoba, annobar mura ta kashe ɗaruruwan mutane a Nuwamba, sannan a ranar 1 ga Disamba ƙasar ta zama mai cin gashin kanta a ƙarƙashin sarki ɗaya da Denmak. Cikin irin wannan yanayi ginin ya tashi. Da aka buɗe shi a watan Yuni na 1923, shi ne gidan nuna ayyukan fasaha na farko a ƙasar. Tarin zane-zane na ƙasa, wanda aka fara haɗawa tun 1884, bai sami ginin kansa ba sai a ƙarshen shekarun 1980.

To, me ƙasar ta gani a jikinsa? Al'ummar da ke neman 'yanci tana bukatar fuskokin da za ta nuna wa 'ya'yanta, kuma tana son ɗanta ya yi su, ba Badanishe ba. Einar ne ya ba su. Shi ya yi mutum-mutumin mawaƙi Jónas Hallgrímsson a 1907. Shi ya yi na Jón Sigurðsson, jagoran fafutukar 'yanci, a 1911, shekara ɗari da haihuwarsa. A 1931 aka ɗauke siffar Thorvaldsen daga dandalin Austurvöllur da ke gaban majalisa aka sa ta Jón a wurin, har yau kuma nan ake ajiye furanni duk ranar 17 ga Yuni, ranar haihuwar Jón, wadda aka zaɓa don ayyana jamhuriya a 1944. Einar ne kuma ya yi siffar Ingólfur Arnarson, wanda tarihinsu ya ce shi ya fara zama a Reykjavik, yana tsaye a kan tudun Arnarhóll tun 1924. Har sarki Christian na Tara da Hannes Hafstein, ministan farko na ƙasar, da ke tsaye a gaban ofishin firaminista, aikin hannunsa ne. Wanda ya yi yawo a tsakiyar Reykjavik ya riga ya ga Einar sau huɗu ko biyar bai sani ba.

Sai dai idan ka shiga gidan, wani Einar daban za ka tarar. A waje akwai dattawa cikin kwat, kowa tsaye a natse. A ciki kuwa mala'iku ne, da dodanni, da igiyar ruwa mai fuskar mace, da ginshiƙan dutse masu kusurwa irin waɗanda aman wuta ke bari a ƙasar, da mutane ƙanana suna hawa ko faɗowa daga jikin manya. A ganina wannan shi ne asalin abin da ya nema wa rufi. Siffofin jarumai suna da masu biya, suna da tagulla, suna da dandali. Waɗannan kuwa babu mai odarsu.

Ɗauki Dögun, wato Ketowar Alfijir, wanda ya gama a 1906. A tatsuniyoyin Ayislan akwai dodon dare, ƙato mai zama a duwatsu, wanda in hasken rana ya taɓa shi sai ya zama dutse. Einar ya kama daidai wannan lokaci. Dodon ya sato budurwa, gari ya waye masa a hanya. Ya ɗaga dunƙulallen hannu sama cikin fushi, jikinsa ya riga ya fara komawa dutse, ba ka iya cewa ga inda fata ta ƙare ga inda dutse ya fara. Ita kuwa yarinyar ta miƙa hannuwa wajen hasken. Yaro zai kalla ya ga tatsuniya. Mutanen zamaninsa sun iya ganin ƙasarsu tana kuɓucewa daga dogon dare. Einar kansa ya fi karkata ga rai da ke fita daga duhun jiki. Duk ukun suna nan cikin siffa ɗaya, kuma babu wadda ta kore wata. Haka Alda aldanna, Igiyar Zamanai: ruwa ya murɗa ya tashi ya zama doguwar mace, a jikinta mutane ne birjik, igiyar na jan su, wasu na ƙoƙarin kaiwa sama.

Wannan salo yana da tushe. Einar Kirista ne mai zurfin tunanin addini, ya karanta Emanuel Swedenborg, malamin Suwidin na ƙarni na 18, wanda ya koyar da cewa duk abin da ido ke gani a zahiri yana da takwaransa a baɗini. Wajen 1910 kuma ya shiga nazarin wata aƙida da ake kira tiyosofi, wadda ta yi tashe tsakanin masu fasaha a Turai a lokacin, mai haɗa tunanin addinan gabas da na yamma game da tafiyar rai. Daga nan ayyukansa suka ƙara cika da alamomi. Ga shi kuma ba mai son a tsaya ana fassara aiki dalla-dalla ba ne. Sakamakon haka, wasu siffofin na baya sun yi nauyi da yawa. Za ka ga gicciye, da fukafukai, da takobi, da jariri, da kwanyar kai, duk a wuri ɗaya, ido ya rasa inda zai sauka. Ni dai na fi ganin ƙarfinsa inda ya bar labari ɗaya ya yi magana, kamar a Korarru. Amma ko a inda ya cika kaya, ba za ka ce ya kwaikwayi wani ba, kuma abin da ya yi wa kansa alkawari ke nan.

Sunan da ya sa wa gidan ma magana ce. Ya kira shi Hnitbjörg. A tsoffin labaran mutanen arewacin Turai, Hnitbjörg dutse ne wanda wani ƙato ya ɓoye giyar zuma a cikinsa, wadda duk wanda ya sha zai zama mawaƙi. Shi ya zaɓi wurin da kansa, lokacin tudun fili ne mai duwatsu a bayan gari, shi ya kuma tsara ginin tare da masanin gine-gine Einar Erlendsson. Don haka ake cewa gidan shi ne mutum-mutumi mafi girma da ya yi.

Sai ka hau wata matsattsiyar matakala mai murɗawa kafin ka kai sama. A can ne shi da matarsa Anna, 'yar Denmak, suka zauna. Sun yi aure a 1917, suka wuce Amurka, inda aka ba shi aikin siffar Thorfinnur Karlsefni, Ba'ayislanen da labaransu suka ce ya kai gaɓar Amurka wajen shekara ta 1000, aka kafa ta a birnin Filadelfiya a 1920. Da suka dawo, wannan bene ya zama gidansu. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, an bar su da kayansu, da littattafai, da hotuna a bango, taga kuma tana kallon rufin gidajen birnin da teku. Ganin ƙanƙantar wurin yana gyara wa mutum tunani. Daga waje gini ne na isa, har ka ɗauka mai shi ya yi wa kansa fada. A ciki sai ka ga zaure mai faɗi na siffofi ne, mutanen gidan kuwa sun takure a sama. A nan ya zauna yana aiki sama da shekara talatin, har rasuwarsa a ranar 18 ga Oktoba, 1954.

Kowace yarjejeniya da abin da take ci. Ƙasar ta sami kusan ayyuka 300 na shekara sittin a wuri ɗaya, babu wanda ya watse a hannun 'yan kasuwa. Shi kuma ya sami natsuwa, bai ƙara neman mai saye ba. Amma aikin da ba ya fita kasuwa, ba ya yawo a nune-nunen ƙasashe, duniya ba ta saninsa. Filasta ba ta son tafiya, kuma kyautar ta ɗaure ta a gida. Yayin da sassaƙa a Turai ke sauya kama, Einar yana kan tudunsa, yana kan hanyarsa. Matasan da suka biyo baya suka bi ta wani wajen. Shi ya sa sunan da kowane ɗan makaranta ya sani a Ayislan, da wuya ka ji shi a wajenta.

Abin da suka ɗauka daga gare shi shi ne tsarin gidan. Masassaƙi Ásmundur Sveinsson, wanda ya rasu a 1982, ya gina gidansa da ɗakin aikinsa da ƙubba da siffar dala, ya bar wa birnin Reykjavik, aka buɗe shi ga jama'a a 1983. Ɗakin aikin Sigurjón Ólafsson da ke bakin teku a Laugarnes ya zama gidan adana ayyukansa a 1988, da ƙoƙarin matarsa. A garin Kópavogur kuma aka buɗe Gerðarsafn a 1994 da sunan masassaƙiya Gerður Helgadóttir. Ƙasar da har yau jama'arta ke wajen dubu 400 tana da gidaje huɗu na masassaƙa a babban birninta da kewaye.

Tagullar da Einar bai iya saye ba ta zo daga baya. A 1984, shekara talatin da rasuwarsa, aka buɗe lambu a bayan gidan, aka jera siffofi 26 da aka zuba da tagulla daga filastar da ke ciki. Ƙofarsa tana kan titin Freyjugata, ba a biyan ko sisi, a buɗe yake rani da hunturu. Mai ziyara zai fi amfana in ya fara da ciki, ya ga siffar a fara, inda kowane sawun yatsa ke kama haske, sannan ya fito ya same ta a lambu ta yi duhu, ruwan sama na bin ramukanta, ko ƙanƙara ta kwanta mata a kafaɗa. Daga nan in ya gangara yamma, ya wuce tafkin Tjörnin, zai tarar da Korarru na tagulla a bakin titi, dab da tsohuwar maƙabartar Hólavallagarður, mutumin yana nan da gawa a baya da shebur a hannu.